Takardun Yabo Ɗari Da Goma

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa da mutum guda wanda ko tari ya yi sai ka ji kamar sabon babi aka buɗe. Shi ne Shugaban Ƙungiyar Masoya Laburare. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya rubuta mata dokoki, shi ya tsaya takara, shi ya ƙirga ƙuri'u, kuma ya yi nasara da rinjayen da shi kansa ya ba shi mamaki. Alƙaluma huɗu ne a aljihun kwat ɗinsa, ɗaya ma yana rubutu. Tabarau biyu gare shi, na hanci don ganin jama'a, da na karatu wanda ke rataye a ƙirji, shekara da shekaru gilashinsa sabo fil kamar yau aka saya. Mutum ne mai adana kaya.

Soyayyarsa ga littafi ba ta da misali. Yana ɗaukar littafi ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shafa bangon, ya shinshina, ya karanta shafin farko, sannan ya rufe ya ce ya gane inda marubucin ya dosa. Don haka masu zaman karanta jarida suka sa masa suna Gabatarwa. A littafi a nan yake tsayawa. A jawabi ma a nan yake tsayawa, sai dai tasa gabatarwar takan cinye awa biyu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiran sa da wannan suna ba, har ma ya hana a faɗe shi a cikin ɗakin karatu. Shi ne aminina, mai kula da laburaren, wanda kowa ke kira Baba Hatimi. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙan sa. Har yanzu in na bi ta ƙofar sai in rage sauri, ina jiran in ji ƙarar hatiminsa a kan takarda.

Ni kafinta ne, karatuna bai wuce firamare ba. Gyaran kantar littattafai ya kai ni laburaren shekara talatin da huɗu da suka wuce. Da na gama, ya miƙo mini wani siririn littafi ya ce in je da shi, in bai yi daɗi ba in dawo in zage shi. Ban zage shi ba. Daga baya ni na ƙera masa kabad ɗin katuna, mai durowa talatin da shida, kowace da ɗan marikinta na tagulla. Tsarinsa mai sauƙi ne. A bayan kowane littafi akwai 'yar takarda da yake buga wa hatimin kwanan wata in an ara. Sunan wanda ya ara kuwa ba ya cikin littafin, yana cikin kabad, a kan kati, da rubutun hannunsa. Da aka kawo kwamfuta bai yi gardama ba, ya koya da yatsa biyu. Amma bai daina katunan ba. Ya ce kwamfuta ta san abin da mutum ya ɗauka, kati ya san dalili.

Ba a yi mako uku da rufe aminina ba Shugaba ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye a gaban kabad ɗin, hannu a baya, yana duban sa kamar likitan da ya riga ya yanke hukunci.

"Kafinta," in ji shi, "zamani jirgi ne, ba ya jiran mai ɗaurin kaya. Wannan akwati ya yi wa ƙarni na baya hidima. Yanzu ƙarni na gaba yana bukatar wurin tsayawa. Za ka farfasa shi, ka fitar mini da teburin jawabi daga katakonsa. Mai tsayi. Wanda in na dafa shi, na baya zai san an dafa."

Na tambaye shi katunan fa. Ya ce takarda ce, kuma takarda ta san hanyarta. Ya sa rana: washegarin bikin gabatar da sabbin 'yan koyon aiki, da safe, in zo da guduma. Na amsa. Na san in na ƙi, wani zai kira wanda zai zo da ƙarfen ɓamɓare ƙusa, ya yi wa kabad ɗin fyaɗar 'ya'yan kaɗanya. Gara hannun da ya haɗa shi ya raba shi. Amma na koma shago na kasa ko feƙe fensir.

'Yan koyon aikin su shida ne, maza uku mata uku, duk sun gama karatunsu na gaba da sakandare. An turo su na wata shida don su koyi yadda ake jawo hankalin jama'a zuwa laburare. Shugaba ya karɓi horar da su da kansa, don ba ya son a ɓata ƙarfe tun yana ɗanye. Ranar farko ya koya musu tsayuwa a bayansa in za a ɗauki hoto, dogaye a gefe, kada inuwar wani ta faɗo masa a kafaɗa. Rana ta biyu darasin tafi ne: wane tafi ake yi in ya ɗaga yatsa, wane ake yi in ya cire tabarau. Rana ta uku ya ba su takardun rabawa a kasuwa da tasha. Hotonsa ya ci kashi uku cikin huɗu na takardar. Adireshin laburaren yana can ƙasa, da haruffan da sai mai tabarau na karatu zai gani, shi kuma mun san inda nasa yake.

A cikinsu akwai wata da 'yan uwanta ke kira 'Yar Tambaya. Ita ce ta fara jawo durowa. Na zo auna kabad ɗin na tarar da ita zaune a ƙasa, katuna a cinya. Ta ce, "Baba, wa ya rubuta waɗannan?" Na gaya mata. Ta karanto mini wasu. A katin wani direba an rubuta: ya fi son labarin teku, bai taɓa ganin teku ba. A na wata tsohuwa: a ajiye mata masu manyan haruffa, idonta ya raunana, kada a nuna mata an lura. Ta nemo nawa ma. Na ce kada ta karanta, ta karanta. An rubuta: yana cewa bai da ilimi, ƙarya yake yi.

Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Daga ranar yaran suka bar takardun hoto a cikin kwali. Suka ɗebi katunan mutanen da suka daina zuwa, suka bi su gida gida da littafi a hannu, irin wanda katin ya ce suna so. Cikin kwana goma kujerun ɗakin karatu suka cika. Shugaba ya leƙo ya ga cika, ya gyaɗa kai, ya ce dama ya san hoton zai yi aiki.

To, Shugaba marubuci ne. Kada a manta da wannan, ko da yake ba zai bari a manta ba. Shekara tara da suka wuce ya fitar da tarihin rayuwarsa, Fitilar Da Na Zama, juzu'i na ɗaya, shafi ɗari shida da arba'in, wanda ya ƙare daidai lokacin da ya shiga aji uku na sakandare. Ya ba laburare kyautar kwafi ashirin, da sharaɗin a jera su a kantar da ke kallon ƙofa. Ana sauran mako guda biki ya zo ya sauke su don a goge ƙura, sai idonsa ya faɗa kan takardar baya. Hatimi. Ya buɗe wani, hatimi. Ya buɗe na uku, hatimi har shida. A karon farko a tarihin unguwarmu aka ga tabarau na karatu ya hau hanci. Kwafi goma sha takwas ne a kanta, biyu suna waje wurin mai aro. Ya ƙirga na hannu, ya sa aka duba masa adadin sauran, lissafi ya tsaya a ɗari da goma.

Ya tara yaran a take.

"Ɗari da goma! Ku dubi ikon alƙalami. Ni ina nan ina tawali'u, ashe al'umma tana can tana sha daga rijiyata a ɓoye. Akwai alƙalai a cikinsu, na tabbata. Akwai likitoci. Irin wannan littafi ba ya shiga hannun kowa. Har biyu suna waje yanzu haka, an kasa rabuwa da su."

Ya ba da umarni a buga takardun yabo ɗari da goma masu zanen zinariya a gefe, da gurbin suna. Ya zauna ya sa musu hannu duka, da alƙalamin nan mai rubutu, har wuyan hannunsa ya kumbura aka ɗaure masa da bandeji. Ya ɗora wa 'Yar Tambaya aikin buɗe kabad, a karo na ƙarshe kafin guduma, ta fitar da sunayen, a cike gurabe, ta karanta su a gaban taro.

Ni na san abin da ke cikin durowa ta goma sha bakwai. Amma kafinta ba a tambaye shi ba.

Yarinyar ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya gani. Ta same shi a ofis ta ce akwai magana game da sunayen. Ya ɗaga hannu mai bandeji ya ce kada ta ɓata masa daɗin, yana so ya ji tare da jama'a. Ta sake tarar sa a bakin mota, ta ce ranka ya daɗe, sunayen ba su da yawa kamar yadda ake zato. Ya ce ya sani, manyan mutane dama ba su da yawa. A karo na uku ta rubuta masa a takarda ta ajiye a teburinsa. Takardar shafi biyu ce, kuma ta fara da gaisuwa da godiya, bayanin yana shafi na biyu. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar biki aka ture kantoci gefe aka jera kujeru. Iyayen yaran sun zo da kayansu masu kyau, kowa da waya a hannu yana jiran a kira sunan ɗansa ya ɗauki hoto. Uwargidan Shugaba tana layin gaba. Matar aminina tana can baya kusa da ni, yaran ne suka je har gida suka roƙe ta ta zo. Direban nan mai son teku ya zo, tsohuwar nan ma ta zo. Kabad ɗin yana kusurwa an lulluɓe shi da zane, don kada ya ɓata hoto.

Shugaba ya miƙe don gabatar da matasa shida. Ya fara da cewa ba zai tsawaita ba.

"Kafin in gabatar muku da waɗannan 'ya'ya, wajibi ne ku san ƙasar da aka shuka su. Ƙasar nan kuwa, ba don yabon kai ba, ni ce. An haife ni a shekarar da aka yi ruwa mai yawa. Masana sun ce ba banza ba."

Minti arba'in ya kai mu yaye. Awa ɗaya ya kai mu ranar da malamin aji ɗaya ya dube shi ya yi shiru, shirun da Shugaba ya fassara mana a minti goma sha biyar. Yaran suna tsaye a bayansa, dogaye a gefe. Ya kira su 'ya'yan hangen nesansa. Ya kira su ƙananan fitilu da aka kunna daga babba. Ya kira su rassa, ya kira su ƙorama, sau ɗaya ma ya kira su tawagata. Sunansu ne kawai bai kira ba. Hannun iyaye ya gaji, wayoyi suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Wani uba a gabana ya yi gyangyaɗi har ya yi tafi a inda ba a koya ba.

Da awa biyu ta cika ya cire tabarau, aka yi tafin cire tabarau, ya ce yanzu an zo ga abin da kowa ke jira. Ya yi bayanin hatimi ɗari da goma. Ya ce duk wanda ya ji sunansa ya taso, kada ya ji kunya, ko alƙali ne. Aka ajiye tulin takardun yabo a gabansa. 'Yar Tambaya ta matso da takarda guda a hannu, ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Suna na farko da ta kira na uwargidansa ne. Shugaba ya yi murmushi ya ce alheri daga gida yake farawa. Yarinyar, da yake an ce ta karanta duk abin da ke kan kati, ta ƙara da cewa an ara da ƙarfe goma na safe, an dawo da shi ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na ranar. Uwargida ta karɓi takardarta ba ta tashi ba, ta ce da ta kusa da ita, da muryar da ta isa layi na huɗu, ai ta riga ta ji shi da baki.

"Na biyu," in ji Shugaba da sauri.

Ta kira sunan aminina. Shugaba ya sunkuyar da kai na daƙiƙa uku, ya ce Allah ya jiƙan ma'aikaci, ya san abu mai kyau. Na uku.

Ta sake kiran sunan aminina.

Ya ce ta tsallake, ta maimaita layi. Ta ce ba ta maimaita ba, ranka ya daɗe. Na huɗu shi ne. Na biyar shi ne. Ta juya takardar ta nuna masa. Sau ɗari da tara, ranar ɗaya ga kowane wata, shekara tara, kwafi bayan kwafi bi da bi, a watan ƙarshe kuma biyu a haɗe. Ta ɗaga takardun yabon, duk an cike su kamar yadda ya umarta, suna ɗaya, da sa hannunsa a ƙarƙashin kowace.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Direban ne ya fara, ya mai da ita tari, tarin ya bazu har layin gaba.

Ni na san dalilin, don na taɓa tambayar sa. Dokar laburare ce, littafin da ya daɗe ba a ara ba, a sauke shi a kai sito. Aminina ya ce mini mutumin nan kullum in ya shigo kantar yake fara kallo. Ya ce mutum ya zauna ya rubuta shafi ɗari shida, ko me ya rubuta, ya sha wuya, bai kamata ya shigo wata rana ya ga gurbi ba. Haka yake ɗaukar wannan dutse ya kai gida ya dawo da shi, wata bayan wata, har bayansa ya fara ciwo. Na ce to kana karantawa? Ya ce in bar tone-tone.

Amma kada a raina Shugaba. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, shi kuwa gwanin naɗi ne. Ya sunkuya ya dubi tulin takardun yabon. Sannan ya ɗago da ido jawur.

"Jama'a, kun ji da kunnenku. Mutumin da ya fi kowa sanin littafi a garin nan, wanda dubban littattafai suka bi ta hannunsa, wanne ya koma wa sau ɗari da tara? Me zan yi da alƙalai? A watansa na ƙarshe ɗaya bai ishe shi ba, sai da ya ɗauki biyu. Da su ya yi bankwana da duniya." Ya juya ya fizge zanen da ke kan kabad. "Wannan ba akwati ba ne, shaida ce. Kafinta! Wa ya ce ka taɓa shi?"

Na miƙe na ce ba kowa, ranka ya daɗe.

"To kada in ji, kada in gani. A goge shi, a shafa masa mai. Duk kati ya zauna inda yake. Na baya za su zo bincike."

Na ce to. Na zauna da sauri. Matar aminina ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko kuka take ko dariya, ina jin ita ma ba ta sani ba. Aka kawo mata takardun yabo ɗari da tara ta rungume. A duk shekarunsa na aiki ba a taɓa ba shi ko ɗaya ba.

Aka tashi taro ba a gabatar da kowa ba. Bayan Shugaba ya fita da masu hoto, 'Yar Tambaya ta jawo durowa ta ɗauko sabbin katuna shida. Kowannensu ya rubuta sunansa ya karanta da ƙarfi, iyaye suka ɗaga waya, tsohuwar nan ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar aka yi an gama.

Washegari na zo da safe kamar yadda aka sa rana, da tsumma da gwangwanin mai maimakon guduma. Ina cikin shafa yarinyar ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ce kwafi biyun nan har yanzu ba su dawo ba, ko ta je gidan marigayin ta karɓo. Na ce ta bar su tukuna.

A ciwon aminina na ƙarshe numfashi ya yi masa wuya in ya kwanta sosai, likita ya ce a ɗaga gadon ta wajen kai. Na ce bari in je shago in yanko katako. Ya ce kada in wahala, akwai abin da kaurinsa ya yi daidai, kuma lokacin aro ya yi. Ni na ɗaga gadon da hannuna, matarsa ta tura kwafi ɗaya ƙarƙashin ƙafar dama, ɗaya ƙarƙashin ta hagu. Ya kwanta ya ja numfashi mai tsawo, ya ce yau dai ya amfana da shi.

Don haka duk wanda ya ce littafin Shugaba ba shi da amfani, ya zo mu yi. Shekara talatin na san marubucin ban ga ya ɗauke wa kowa nauyin ko tsinke ba, amma littafinsa ya yi wata guda cur yana ɗauke da kan aminina bai ko gusa ba. Na ji an ce ya fara juzu'i na biyu. Allah ya sa kaurinsu ɗaya, ina da bencin aiki mai ɗingishi.